Amincin Allah a Ranar Wahala



Akwai wata tambaya da ba a cika yin ta a cikin majami'a ba. A zaure ake yin ta, ko a gindin bishiya bayan an dawo daga maƙabarta, sa'ad da masu ta'aziyya suka watse aka bar iyalin mamaci da firist ko katikis. A nan ne wani dattijo zai sassauta murya ya ce, "Fada, mun yi addu'a, mun yi azumi, mun sa an yi mana Misa. To, ina Allah yake?" Magidancin da ya sayar da gonarsa da shanun huɗarsa ya biya kuɗin fansa, aka karɓi kuɗin kuma ba a sako masa ɗansa ba, yana da wannan tambaya. Matar da ta shekara goma tana roƙon haihuwa tana da ita. Haka ma saurayin da ya gama karatu da ƙyar, takardunsa suna tsufa a cikin akwati.

Mu firistoci sai mu amsa laifinmu. Sau da yawa mukan yi saurin rufe bakin mai tambaya da "sai haƙuri", don mu ma tambayar tana yi mana nauyi. Haƙuri maganin zaman duniya ne, gaskiya ne, amma wanda ya yi tambaya da hawaye ya cancanci a zauna a yi tunani tare da shi. Abin da muke so mu yi ke nan a wannan shafi.

A safiyar Kirsimati ta shekarar 2011 aka tayar da bam a ƙofar majami'ar Waliyyiya Teresa da ke Madalla, a Jihar Neja, daidai lokacin da jama'a suke fitowa daga Misa. Mutane fiye da 30 suka rasa rayukansu. Firist mai kula da majami'ar a lokacin, Fada Isaac Achi na Dayosis na Minna, ya tsira, ya kuma ci gaba da hidimarsa. Duk wanda ya ji labarin tsirarsa ya gode wa Allah, kuma daidai ne a gode. Bayan shekara 11, da asubahin Lahadi 15 ga Janairu 2023, 'yan bindiga suka kai hari gidan firistoci na majami'ar Waliyyai Bitrus da Bulus a Kafin Koro, cikin wannan jiha, suka cinna wa gidan wuta. Fada Achi ya mutu a ciki. Firist ɗin da suke zaune tare ya fita da raunin harsashi, ya rayu.

Idan tsirar wannan bawan Allah a 2011 ita ce shaidar amincin Allah, me za mu kira abin da ya faru a 2023? Allah ya gaji ne, ko ya manta? Ko kuwa bangaskiyar firist ɗin ce ta ragu a cikin waɗannan shekaru? A dare ɗaya, a gida ɗaya, firistoci biyu suna kira ga Ubangiji ɗaya, ɗaya ya fita ɗaya bai fita ba. Wanda yake auna amincin Allah da tsira daga masifa kaɗai, a nan mudunsa zai fashe.

Yakubu da Bitrus

Ikilisiyar farko ta riga mu shan wannan. A sura ta 12 ta Ayyukan Manzanni, Sarki Hirudus ya kama Yakubu ɗan'uwan Yohanna ya sa aka kashe shi da takobi. Da ya ga abin ya yi wa waɗansu daɗi, sai ya kama Bitrus ma, ya danƙa shi a hannun sojoji 16, aka ɗaure shi da sarƙa biyu. Da dare mala'ika ya zo, sarƙoƙi suka zube, ƙofar ƙarfe ta buɗe, Bitrus ya fita ya tarar da 'yan'uwa suna addu'a a gidan Maryamu uwar Yohanna Markus. Mun saba wa'azi a kan Bitrus, don labarinsa yana da daɗin ji. Ba mu cika tsayawa a kan Yakubu ba, wanda aka gama labarin mutuwarsa a cikin aya ɗaya. Alhali shi ma manzo ne, yana cikin mutum ukun nan da Yesu ya hau dutse da su ranar da kamanninsa suka sāke, ya kuma shiga da su can cikin lambun Getsamani. Babu inda Luka ya ce Yakubu ya yi wani zunubi, ko ya gaza Bitrus bangaskiya. Kada kuma mu manta, Bitrus da aka kuɓutar a Urushalima shi ne aka kashe daga baya a Roma, a zamanin Nero. Kuɓutar da ya samu jinkiri ne domin aikin da ya rage masa.

Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta ƙara fito da abin fili. A ƙarshen sura ta 11, inda aka jera jarumawan bangaskiya, an ambaci waɗanda suka tsere wa kaifin takobi, 'yan ayoyi kaɗan bayan haka kuma aka ambaci waɗanda takobi ya kashe. Dukansu a jeri ɗaya suke, kuma yabo ɗaya aka yi musu. Littafi Mai Tsarki bai ɗauki na farko a kan waɗanda Allah ya cika wa alkawari, na biyu kuma waɗanda ya yasar ba.

Me Allah ya yi alkawari?

Kalmar "aminci" a bakinmu tana da fuska biyu. Muna cewa gari yana cikin aminci idan babu tashin hankali. Muna kuma cewa mutum yana da aminci idan ba ya cin amana, idan maganarsa ta jiya ita ce ta yau. Daga saiwa ɗaya muka sami amana, da amini, da imani, kuma 'yar'uwar wannan saiwa a harshen Ibrananci ita ce ta ba mu "Amin" da muke rufe addu'a da ita. Ainihin ma'anarta abu ne kafaffe wanda za a iya jingina da shi ba ya gocewa. Yawancin tuntuɓen da muke yi a ranar wahala daga haɗa fuskokin nan biyu yake fitowa. Mun ji an ce Allah mai aminci ne, sai muka ɗauka an ce mana duk wanda ya bi shi zai zauna lafiya lau har tsufa. Da lafiyar ta gushe, sai muka tuhumi Allah da karya alkawarin da bai taɓa yi ba.

Ubangijinmu bai yaudari kowa ba. Ya gaya wa almajiransa tun da wuri cewa za su sha wahala a duniya (Yohanna 16:33), ya kuma ce mai binsa sai ya ɗauki gicciyensa kowace rana (Luka 9:23). Babu mai neman jama'a da zai fara da irin wannan magana. Abin da ya ɗaure kansa da shi kuwa shi ne zai kasance tare da mu kullum har ƙarshen zamani (Matiyu 28:20), kuma ba zai yar da ko ɗaya daga cikin waɗanda Uba ya ba shi ba, zai tashe su a ranar ƙarshe (Yohanna 6:39). Waliyyi Bulus, da ya lissafa ƙunci da tsanani da yunwa da takobi, bai ce ba za su same mu ba. Cewa ya yi ba su da ikon raba mu da ƙaunar Almasihu (Romawa 8:35-39). Wannan shi ne alkawarin da aka hatimce a kanmu ranar baftismarmu. Wuta ta ci gidan Kafin Koro, amma ba ta iya cin wannan alkawari ba.

Samarin nan uku na littafin Daniyel sun gane haka. Da Nebukadnezzar ya yi musu barazana da tanderun wuta, suka amsa masa cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu, suka ƙara da cewa ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkinsa sujada ba (Daniyel 3:17-18). Sun faɗi wannan kafin su san yadda abin zai ƙare. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Bangaskiyar da take tsaye muddin akwai miya, ciniki ce muke yi da Allah.

Ƙorafin da ya kamata a saurara

Mai hankali zai iya cewa, "Fada, wannan amsa ta yi sauƙi da yawa. Idan na tsira ka ce amincin Allah ne, idan na hallaka ma ka ce amincin Allah ne. Wane irin amini ne zai tsaya yana kallo ana yanka amininsa, alhali yana da ikon hanawa?" Ba za mu raina wannan magana ba. Dalilin da ya sa aka buɗe wa Bitrus ƙofa ba a buɗe wa Yakubu ba, Allah bai bayyana mana shi ba, kuma duk mai wa'azin da ya ce ya san shi ya faɗi abin da ya fi ƙarfinsa. Ikilisiya tana koyar da cewa sai mun ga Allah fuska da fuska za mu fahimci hanyoyin da ya bi da mu.

Amma akwai abin da aka bayyana mana, shi ne Allahnmu bai tsaya a gefe yana kallo ba. A Getsamani Ɗansa ya roƙa har sau uku a kawar masa da ƙoƙon wahala, ba a kuwa kawar ba. An kama shi, an yi masa shari'ar zalunci, aminansa suka gudu, ya yi kukan wanda aka yashe a kan gicciye, ya mutu. Duk wanda ya tsaya a Kalfari da yammacin Juma'ar nan da mudun da muke aunawa da shi, zai rantse cewa Uba ya ci amanar Ɗansa. Duk da haka wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta ce an ji addu'arsa (5:7). An amsa ta a rana ta uku, da abin da ya fi kawar da ƙoƙon girma. Tashin Yesu daga matattu shi ne hujjar da muke riƙe da ita. Ba don shi ba, da duk abin da muka rubuta a nan lallashi ne kawai, kuma Bulus da kansa ya yarda da haka (1 Korantiyawa 15:17-19).

Tsakanin Juma'a Mai Kyau da Lahadin Ista akwai Asabar. A wannan yini Ikilisiya ba ta yin Misa sai dare ya yi. Bagade yana nan tsirara ba mayafi, ba a kaɗa ƙararrawa, wurin ajiye Jikin Ubangiji a buɗe yake babu kome a ciki. Ikilisiya ta ware yini guda cur a cikin shekararta domin shirun Allah. Da yawa daga cikinmu a wannan Asabar muke zaune, waɗansu wata da watanni, waɗansu shekara da shekaru. Zama a cikinta ba alamar an yashe mu ba ne, gama Ɗan Allah ma ya kwana a cikinta.

Maganganun da suke ƙara wa mai ciwo ciwo

Akwai waɗansu amsoshi da suke yawo a tsakaninmu waɗanda ya kamata mu daina. Ta farko ita ce a ce wa mai wahala ya binciki kansa, akwai zunubin da ya ɓoye. Abokan Ayuba uku sun yi kwana bakwai suna zaune da shi ba su ce uffan ba, kuma a nan ne suka fi yi masa amfani. Da suka buɗe baki suka fara kare Allah ta hanyar ɗora wa Ayuba laifi, sai Allah ya husata da su, ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba (Ayuba 42:7). Yesu ma ya ƙi wannan lissafi. Ya ƙi shi a kan mutumin da aka haifa makaho (Yohanna 9:3), ya kuma ƙi shi a kan mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa (Luka 13:4-5). Akwai wahalar da mutum yake jawo wa kansa, mashayi ya san haka, amma ba mu da izinin karanta zunubin mutum daga girman masifarsa.

Ta biyu ita ce a ce bangaskiyarsa ce ba ta kai ba. Da wannan magana ake tatsar talakawa. Ana sayar musu da mai da ruwa da ƙyalle, ana ce musu in sun ba da kuɗi kaza ƙofa za ta buɗe, idan ba ta buɗe ba kuma laifinsu ne. Waɗansu 'yan'uwanmu sun bar Ikilisiya ta wannan hanya, waɗansu kuma da rana suna Misa da dare suna gidan boka. Muna tuna musu cewa Bulus, wanda Allah ya warkar da marasa lafiya ta hannunsa, ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da take jikinsa, aka ce masa alherin da aka ba shi ya isa (2 Korantiyawa 12:7-9). Mu roƙi warkarwa da dukan zuciya, gama Allah yana warkarwa har yau. Amma addu'a roƙo ce ta ɗa ga Ubansa, ba a kuwa sayen Uba da kuɗi.

Ta uku ta fi sauran kama da ibada, ita ce a ce "haka Allah ya so" a kan kowane mugun abu, a naɗe hannu. Allah bai dasa bam a Madalla ba, bai kuma cinna wuta a Kafin Koro ba. Mutane ne suka yi, da 'yancin da Allah ya ba su suka kuma ɓata shi, za su kuwa ba da lissafi. Allah yana da ikon fitar da alheri daga cikin mugunta, kamar yadda ya yi da Yusufu da 'yan'uwansa suka sayar, amma wannan bai mai da mugunta alheri ba. Saboda haka dogara ga Allah ba ta hana mu kai mara lafiya asibiti, ko neman hakkinmu a gaban hukuma, ko faɗa wa masu mulki cewa tsaron rai da dukiya amana ce a wuyansu. Bulus ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar sa'ad da ya ga za a yi masa rashin adalci (Ayyukan Manzanni 25:11), ba wanda ya ce ya rasa bangaskiya.

Kuka ma addu'a ne

Kada kowa ya ji kunyar kuka a gaban Allah. Littafin Makoki an rubuta shi a kan kangon Urushalima, bayan da sojojin Babila suka rushe birnin suka ƙone Haikali wajen shekara ta 587 kafin haihuwar Almasihu. Waƙoƙi biyar ne na baƙin ciki, da yunwa, da gawawwaki a titi. A tsakiyar ta uku ne mawaƙin ya ɗaga kai ya shaida cewa jinƙan Ubangiji bai ƙare ba, amincinsa kuma mai girma ne (3:22-23). Ba a ranar biki aka faɗi wannan ba, mutumin da ya rasa kome ne ya faɗe shi, bayan ya faɗa kuma ya ci gaba da kuka har ƙarshen littafin. Zabura ta 88 ma da duhu ta ƙare, babu ko kalma ɗaya ta samun sauƙi, amma Ikilisiya ta sa ta a bakin firistoci da sistoci a addu'ar dare ta kowace Juma'a. Wanda yake yi wa Allah ƙorafi bai rabu da shi ba, don ba a kai kuka wurin wanda aka fid da rai da shi. Abin tsoro shi ne ranar da mutum ya daina yi wa Allah magana sam.

Amanar da take hannunmu

Sau da yawa amincin Allah ta ƙafafun 'yan'uwa yake isa gidan mai wahala. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, wanda aka harbe a dandalin Waliyyi Bitrus ranar 13 ga Mayu 1981, wanda kuma ya zo Kaduna a Fabrairu 1982 ya naɗa firistoci, ya rubuta wasiƙa a kan ma'anar shan wahalar Kirista a 1984. Bayan dogon nazari, sai ya kawo ta ga misalin Basamariye mai tausayi, wanda ya tsaya, ya ɗaure raunuka, ya biya kuɗin masauki. Mutumin da ya san zafin harsashi a jikinsa ya ga cewa tambayar wahala ba a gama amsa ta da baki, sai an sa hannu.

Zumunta a ƙafa take. A makon farko na rasuwa gida cike yake, ana dafa abinci ana waƙoƙi. Bayan wata uku fa, sa'ad da kuɗin makarantar marayu ya taso, rumbu kuma ya yi ƙasa? A lokacin ne gwauruwa take yanke hukunci a zuciyarta ko Allah yana nan ko ba ya nan, kuma yawanci abin da ta gani daga gare mu ne yake yanke mata. Muna roƙon Zumuntar Mata, da ƙungiyar maza, da matasa, da 'yan ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul, kowace majami'a ta san gidajen da suke cikin Asabar ɗinsu. A yi musu gayya a gona. A san yaron da ya daina zuwa makaranta, a kuma san dalili. Waɗanda aka koro daga ƙauyukansu suka sauka a cikinmu, kada su zama baƙi a gidan Ubansu. Mu kuma tuna cewa maƙwabtanmu Musulmi suna binne nasu 'ya'yan da 'yan bindiga suka kashe, hawayensu da namu ɗaya ne, ta'aziyyarmu ta isa ƙofarsu.

Ga matasanmu muna da magana ta musamman. Mun san zuciya tana tafasa. Amma ranar da muka ɗauki fansa a kan wanda bai ji ba bai gani ba, don kawai addininsa ko ƙabilarsa, a ranar ce mu muka karya alkawarin baftismarmu. Paparoman da muka ambata ya je kurkuku a Disamba 1983 ya zauna da mutumin da ya harbe shi, bayan ya riga ya gafarta masa a fili. Gafarar ba ta soke shari'a ba, mutumin ya ci gaba da zaman kurkukunsa. Neman adalci hakkinmu ne, ramuwa kuwa ta Ubangiji ce.

Manomanmu sun san binne. Mutum yakan ɗebi irin da ya hana 'ya'yansa ci a lokacin da hatsi ya yi wuya, ya zuba shi a busasshiyar ƙasa tun hadari bai haɗu ba. Ba wauta ba ce, ya ga damina ta zo bara da bara waccan, ya san halin Wanda yake aiko ta. Haka Kirista yake tuna abin da Allah ya riga ya yi, tun daga kabarin da aka tarar babu kowa har zuwa alheran da shi kansa ya gani a rayuwarsa, ya jingina da su a ranar da bai ga kome ba. Idan muka zo gaban bagade ranar Lahadi, firist ya ɗaga Jikin Almasihu muka amsa "Amin", abin da muke faɗa shi ne wannan kafaffe ne, mun jingina da shi. Mai farin ciki yana faɗar ta, wanda ya binne ɗansa jiya ma yana faɗar ta, kuma ta biyun ba ta gaza ta farkon ba a kunnen Allah.

Bari Budurwa Maryamu, wadda ta tsaya a gindin gicciye ta kuma jira har rana ta uku, ta yi roƙo domin dukan 'ya'yanta da suke cikin ƙunci. Allah ya ba Fada Isaac Achi, da waɗanda suka mutu a Madalla, da dukan 'yan'uwanmu da suka riga mu, hutawa ta har abada. Mu da muka rage kuma, ya riƙe mu har gari ya waye. Amin.